Kebul mai giciye: yadda yake aiki, da inda har yanzu ake buƙatarsa

Idan za a haɗa kwamfuta biyu kai-tsaye, babu suwic babu rauta (na'urorin da ke haɗa kwamfutoci da yawa) a tsakaninsu, dole ne sai an nemo kebul mai giciye, wanda masu sana'ar ke kira kurosoba, ko kuwa duk kebul ɗin da hannu ya kai gare shi zai yi? Gardamar nan ba ta ƙarewa tsakanin masu aikin sadarwar kwamfuta. Ɗalibin da ya karanta darussan CCNA, kwas ɗin sadarwa na kamfanin Cisco, zai rantse maka sai da kurosoba, domin haka aka koya masa, kuma haka ya gani a Packet Tracer, manhajar kwaikwayon haɗa na'urori: da ya sa miƙaƙƙen kebul, wato na yau da kullum marar giciye, tsakanin kwamfuta biyu, alamar ta tsaya ja. Shi kuwa mai jan waya a ofisoshi da cibiyoyin jarrabawar CBT dariya zai yi, ya ce rabonsa da haɗa kurosoba har ya manta, kuma aiki bai taɓa tsaya masa ba.

Babu maƙaryaci a cikinsu. Kowanne yana magana ne a kan na'urorin wani zamani daban. Don a gane inda maganar kowa ta tsaya, sai an fara feɗe kebul ɗin an ga cikinsa.

Abin da ke cikin kebul ɗin

Kebul ɗin LAN, wato na haɗa kwamfutoci a gida ko ofis, ko nau'in Cat5e ne ko Cat6, siraran wayoyi takwas ne a cikin riga ɗaya. An tufke su biyu-biyu kamar igiya, sai aka sami tufka huɗu: ta ruwan lemo, ta kore, ta shuɗi da ta ruwan ƙasa. A kowace tufka, waya ɗaya launinta cikakke ne, abokiyarta kuma fara ce mai ratsin wannan launin.

Tufkar nan ba ado ba ce. Ana aika saƙo ne ta wayoyi biyun a lokaci guda, ɗaya na ɗauke da shi yadda yake, ɗayar na ɗauke da kishiyarsa, na'urar da ke karɓa kuma bambancin da ke tsakaninsu take karantawa. Duk wata hayaniyar lantarki da ta faɗo daga waje, ta janareta ko ta wayar wuta da ke kusa, tana shiga wayoyi biyun daidai wa daida saboda a murɗe suke da juna, don haka wajen ɗaukar bambanci sai ta soke kanta. A riƙe wannan, domin yawancin kebul ɗin da ke ba da wahala a nan aka ɓata shi.

A kowane ƙarshe akwai kan roba mai haƙora takwas, wanda kowa ya sani da RJ45. Idan ka riƙe shi haƙoran na sama, 'yar maƙalar na ƙasa, wayar na fuskantar ƙirjinka, haƙori na 1 shi ne na hagu, na 8 na dama.

Baki da kunne

Tsarin Ethernet, na sadarwar kwamfutoci ta kebul, mai gudun megabit 10 a daƙiƙa, wato 10BASE-T na shekarar 1990, da mai gudun megabit 100, wato 100BASE-TX na 1995, tufka biyu kawai suke amfani da su cikin huɗun. Ɗaya ta aikawa, ɗaya ta karɓa. Kwamfuta tana magana ta haƙori na 1 da na 2, tana saurare ta na 3 da na 6. Sauran huɗun, 4 da 5 da 7 da 8, zaman banza suke.

Suwic kuwa, da hob da ya gabace shi, an juya nasu ramin tun daga masana'anta: suna saurare ta 1 da 2, suna magana ta 3 da 6. Shi ya sa miƙaƙƙen kebul, wanda haƙori na 1 ke zuwa na 1, na 2 ke zuwa na 2 har zuwa 8, yake haɗa kwamfuta da suwic lafiya lau. Bakin wannan ya dace da kunnen wancan. Ramin irin na kwamfuta sunansa MDI, irin na suwic kuma MDI-X. Harafin X ɗin alamar giciye ne, ma'ana an riga an yi giciyen a cikin na'urar.

To, a ɗauki wannan miƙaƙƙen kebul a haɗa tsofaffin kwamfutoci biyu. Baki ya haɗu da baki, kunne ya haɗu da kunne. Kowacce na ta magana ta 1 da 2, babu mai ji. Babu abin da zai ƙone, fitilar ramin ce kawai ba za ta kama ba. Maganin shi ne a yi giciyen a cikin kebul: 1 ya tafi 3, 2 ya tafi 6, 3 ya dawo 1, 6 ya dawo 2. Iyakar sirrin kurosoba ke nan. Ba wata waya ce ta musamman ba, ba ta fi sauri ba, ba ta fi ƙarfi ba. Daga kwali ɗaya ake yanko su, jerin launukan kai ɗaya ne kawai ya bambanta.

Daga nan ne dokar da ake haddacewa ta fito: iri ɗaya da iri ɗaya sai giciye, iri daban sai miƙaƙƙe. Kwamfuta da kwamfuta, suwic da suwic, rauta da rauta, duk giciye. Wanda ke kayar da ɗalibai shi ne kwamfuta da rauta, domin a ido kamar iri daban ne, alhali ramin rauta na ainihi MDI ne irin na kwamfuta, don haka shi ma giciye. Abin da ke ƙara rikita mutane shi ne 'yar rautar gida mai ramuka huɗu a baya. Waɗannan ramukan ƙaramin suwic ne aka dasa a cikinta, shi ya sa tun fil azal miƙaƙƙen kebul ke aiki da su.

Jerin launuka guda biyu

Ƙa'idar TIA/EIA-568, wadda ta fara fitowa a Amurka a 1991, ita ce tushen jeri biyun da ake bi. Daga haƙori na 1 zuwa na 8:

T568B: fari mai ratsin lemo, lemo, fari mai ratsin kore, shuɗi, fari mai ratsin shuɗi, kore, fari mai ratsin ƙasa, ruwan ƙasa.

T568A: fari mai ratsin kore, kore, fari mai ratsin lemo, shuɗi, fari mai ratsin shuɗi, lemo, fari mai ratsin ƙasa, ruwan ƙasa.

Duba da kyau, lemo da kore ne kawai suka yi musanyar wuri. B da B miƙaƙƙe ne. A da A shi ma miƙaƙƙe ne, kuma aikinsu ɗaya, lantarki bai san launi ba. A a kai ɗaya, B a ɗayan, shi ne kurosoba. Yawancin kebul ɗin da ake sayarwa a haɗe a kasuwa B ne duka kai biyun.

Mai lura zai tambaya: me ya sa tufkar kore ta rabu, ɗaya a 3 ɗaya a 6, shuɗi ya shiga tsakaninsu? Gadon wayar tarho ne. A tsarin tarho, layin farko yana kan haƙora biyu na tsakiya, layi na biyu kuma yana rungume da shi ta gefe da gefe. Da aka zo tsara na kwamfuta sai aka bar tsakiyar yadda take.

Yadda na'urori suka karɓe aikin

Kafin a kai ga mafita ta dindindin, an yi 'yan dabaru. Tsofaffin hob da suwic suna da rami ɗaya na musamman da aka rubuta wa Uplink, ko wani ɗan maɓalli a gefensa da ake dannawa ya juya ramin daga MDI-X zuwa MDI, don a haɗa suwic biyu da miƙaƙƙen kebul.

A ƙarshen shekarun 1990 injiniyoyin kamfanin Hewlett-Packard suka fito da abin da ake kira Auto MDI-X. Ramin da ke da shi yana kasa kunne a tufkar da yake tsammanin saƙo. Idan ya ji shiru, sai ya juya da kansa, bakinsa ya koma kunne, kunnensa ya koma baki, ya sake saurare. Akwai wata matsala a nan, irin ta mutum biyu da suka yi kiciɓis a ƙuntataccen lungu: wannan ya kauce dama wancan ma ya kauce can, su sake kaucewa tare, su yi ta rawa babu mai wucewa. Don kada ramuka biyu masu wannan fasaha su yi ta juyawa tare, sai aka sa lokacin juyawar kowanne ya zama ba shi da tsayayyen tsari, ba ya bin na ɗan'uwansa. Cikin ƙasa da daƙiƙa guda sun daidaita.

Abu mafi muhimmanci: gefe ɗaya kawai ake buƙata ya iya wannan. Sabuwar laftof da tsohuwar na'urar shekara ashirin za su gaisa da kowane irin kebul, domin laftof ɗin za ta juya ta dace da tsohuwar.

Sai kuma gigabit, mai gudun megabit 1000, wato 1000BASE-T na 1999, wanda ya rushe batun baki da kunne gaba ɗaya. Yana amfani da tufka huɗun duka, kowacce na ɗaukar megabit 250, kuma kowacce tana aikawa tana karɓa a lokaci guda. Na'urar ta san abin da ita ta faɗa, sai ta cire shi daga abin da ke kan wayar, ragowar shi ne maganar ɗaya gefen. A rubuce, Auto MDI-X zaɓi ne a ƙa'idar gigabit, amma a aikace da wuya ka ci karo da ramin gigabit da ba shi da shi. Akwai kurosoba cikakke da aka tsara don gigabit, wanda ban da musanyar lemo da kore, yake kai 4 da 5 zuwa 7 da 8. Kusan babu mai buƙatarsa, kuma yana da wani haɗari da za a zo kansa.

Sauƙin nan ya zo da nasa ciwon kan, wanda ba a cika faɗa ba. A da, idan wani ya ga kan kebul yana lilo ya soka shi a suwic ɗin da ɗaya kan yake ciki, babu abin da zai faru, tunda miƙaƙƙen kebul ba ya haɗa MDI-X da MDI-X. Yau kuwa nan take fitila za ta kama. A ƙaramin suwic marar saiti, saƙonnin da ake watsa wa kowa za su yi ta zagaye suna ninkuwa har komai ya tsaya cak. A ɗakin jarrabawa mai kwamfutoci ɗari biyu, kebul ɗaya irin wannan ya isa. Alamarsa ita ce fitilun suwic duka su riƙa ƙyaftawa tare da sauri kamar mahaukata.

Inda har yanzu ba makawa

Wuraren sun ragu ƙwarai, amma ba su ƙare ba. Sharaɗin ɗaya ne: gefe biyun iri ɗaya ne, kuma babu ko ɗaya da ke iya juyawa.

Na farko, tsofaffin kayan koyo. Masu sayen kayan Cisco na gwanjo don atisayen CCNA za su tarar suwic irin Catalyst 2950 ba ya juyawa, haka ma ramukan megabit 100 na tsofaffin rauta irin jerin 2600. Haɗa biyu iri ɗaya daga cikinsu sai da giciye. Catalyst 2960 kuwa yana da fasahar.

Na biyu, kuma shi ya fi yaudara, inda aka kashe fasahar ba da sani ba. A na'urori da dama, ciki har da suwic na Cisco masu yawa, Auto MDI-X yana tafiya ne tare da barin rami ya sasanta gudunsa da kansa. Da zarar mai saiti ya ɗaure ramin da hannu ya ce megabit 100 kawai, juyawar na iya mutuwa. Kebul ɗin da ke aiki jiya sai ya daina yau, alhali babu wanda ya taɓa shi. Kafin a zargi waya, a mayar da gudun kan sasantawa da kai, a kuma tabbatar umarnin mdix auto na nan.

Na uku, injinan masana'antu da na ɗakin gwaje-gwaje da tsofaffin firintoci, waɗanda ake saye a yi shekara ashirin ana mora. Idan kwamfutar da ke sarrafa injin ita ma tsohuwa ce, kuma littafin injin ya ce kurosoba, a bi littafin.

Ga wanda aikinsa ke kai shi irin waɗannan wurare, guda ɗaya mai tsawon mita biyu a jaka ya wadatar. A naɗa masa jan tef a kai biyun don kada ya ɓace cikin sauran. Akwai kuma 'yar mahaɗa da ake sayarwa wadda ake maƙala wa miƙaƙƙen kebul ta mayar da shi mai giciye.

Yadda ake haɗa shi

Kayan aiki: kebul, kan RJ45 aƙalla huɗu don ɗaya ko biyu za su lalace, filayar matsa kai, da testa, wato na'urar gwada kebul. A fere rigar waje kamar santimita 3, a hankali, kada reza ta taɓa wayoyin ciki. Idan Cat6 ne mai robar tsakiya, a yanke ta. A warware tufkokin, a miƙar da su da yatsa, a jera su bisa B. A danne su su kwanta kamar tabarma, a yanke su daidai da juna a bar kamar milimita 13. Wannan ma'auni ba son rai ba ne: warware tufka fiye da haka yana buɗe ƙofar hayaniya.

A tura su cikin kan har sai an hango bakin jan ƙarfen kowace waya a ƙarshen robar, rigar waje kuma ta shige ciki yadda filaya za ta danne ta. Kan da aka matsa wayoyi na leƙe a waje babu riga, kwanansa ƙidayayye ne. A sake duba jerin kafin a matsa, domin wayoyi kan tsallake juna wajen turawa. Sai a yi ɗaya kan bisa A.

A testa, yayin da babban ɓangaren ke ƙirga 1 zuwa 8, ƙaramin zai nuna 3, 6, 1, 4, 5, 2, 7, 8. Wanda bai sani ba zai ce kebul ya lalace. Daidai ke nan. Tsawo kuma kada ya wuce mita 100, giciye ko miƙaƙƙe.

Laifin da ake ɗora wa kebul ba nasa ba

A yau, idan aka haɗa kwamfuta biyu suka ƙi ganin juna, rashin kurosoba shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a zarga. Fitilar rami ita ce alƙali. Idan ta kama, maganar giciye ta ƙare, matsalar tana wani wuri.

Galibi lambar IP ce, wato adireshin kwamfuta a sadarwa. Babu rauta a tsakani, don haka babu mai raba lamba. Windows za ta jira, wani lokaci har kusan minti guda, sannan ta ba kanta lamba mai farawa da 169.254. Hakan na aiki, amma sa wa da hannu ya fi tabbas: ɗaya 192.168.1.1, ɗayar 192.168.1.2, duka da 255.255.255.0 a gurbin subnet mask, a bar gurbin ƙofar fita (gateway) babu komai. Sai a gwada da umarnin ping, mai duba ko ɗaya kwamfutar na amsawa. Idan bai amsa ba, yawanci katangar tsaron Windows (firewall) ce, domin tana ɗaukar irin wannan haɗi a matsayin na bainar jama'a, ta rufe amsa ping da raba fayil. Sai an buɗe su da hannu.

Wahalar tana biya. A gigabit ana samun kamar megabait 110 a daƙiƙa (bait ɗaya bit takwas ne) idan faifan kwamfutocin na iya bi, wato gigabait 100 cikin kwata na awa. A megabit 100 aikin nan zai ci kusan awa biyu da rabi. Idan ramuka biyun gigabit ne amma haɗin ya tsaya a 100, to ɗaya daga cikin wayoyin shuɗi ko ruwan ƙasa ba ta taɓa haƙorinta ba, ko kuma kebul ɗin irin mai arha ne da waya huɗu kawai a ciki.

Sai babban laifi, rabuwar tufka. Mai haɗawa ya ga jerin ƙa'ida da wahala, ya jera abinsa yadda ya fi kyan gani: lemo biyu, kore biyu, shuɗi biyu, ƙasa biyu, kai biyun iri ɗaya. Testa mai arha za ta nuna 1 zuwa 8 tsaf, domin ita tana duba ko waya ta isa ne kawai. Amma yanzu haƙori na 3 na kan tufkar kore, na 6 na kan ta shuɗi, saƙo ɗaya na tafiya a wayoyi biyun da ba a tufke su tare ba. A mita biyu ko uku zai iya lallaɓawa. A mita talatin sai haɗi ya riƙa yankewa yana dawowa, a yi ta zagin mai ba da intanet.

Akwai kuma ingancin wayar kanta. Kwalayen mita 305 masu arha da suka cika kasuwa da yawansu alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe, abin da ake kira CCA. Yana karyewa a cikin kai, yana kuma zubar da wuta a doguwar tafiya. A kankare waya ɗaya da reza: idan fari ya bayyana a ƙarƙashin jan, shi ne.

Masu kama da shi, da wanda ke ƙona kaya

Faffaɗan kebul ɗin nan mai ruwan sararin sama da ke zuwa da kayan Cisco ba kurosoba ba ne. Na shiga saiti ne, an kifa jerinsa gaba ɗaya, 1 zuwa 8, 2 zuwa 7, kuma ba ya ɗaukar Ethernet. Giciyen layin E1 na kamfanonin sadarwa shi ma daban ne, 1 da 2 yake musanyawa da 4 da 5. A wayar gilashi mai zare biyu kuwa dokar baki da kunne na nan daram, babu mai juya maka. Idan haɗi ya ƙi kamawa, a musanya zaren biyu a gefe ɗaya.

Inda ake asarar kuɗi shi ne wajen tura wuta ta cikin kebul, wato PoE, da ake yi wa kyamarorin tsaro da rediyoyin intanet na kan rufi. PoE na ƙa'ida, 802.3af na 2003 da 802.3at na 2009, yana tambayar na'ura kafin ya sakar mata wuta, kuma na'urar na karɓa ko ta wane gefe wutar ta zo, don haka kurosoba ba ya cutar da shi. Amma ƙananan adaftoci masu bolt 24 da ke zuwa da rediyoyi da yawa na Ubiquiti da MikroTik ba sa tambaya. Suna zuba wuta kai-tsaye, ɓangaren (+) a 4 da 5, ɓangaren (-) a 7 da 8. Kurosoba na A da B bai taɓa waɗannan haƙora ba. Cikakken nan na gigabit kuwa musanya su yake yi, ya kai wa rediyo wuta a juye. In an yi sa'a ta ƙi tashi kawai, in ba a yi ba ta ƙone. Tsakanin irin wannan adafta da na'urarta, miƙaƙƙen kebul na jan ƙarfe zalla za a sa, kuma a bi shi da testa tun yana ƙasa, kafin a hau tsani.